Babi na Biyar: Murhun Gas da Sabbin Maƙeran Wuƙa

A tsakiyar ƙarni na 20 ƙirar wuƙa da wuta da guduma ta kusa ɓacewa a Amurka, domin masana'antu sun riga sun cika kasuwa da wuƙaƙe masu arha, motar noma kuma ta kori doki daga gona, ta tafi da maƙerin ƙauye wanda yake yi wa dokin takalmi yake kuma gyara garma. 'Yan kaɗan ɗin da suka ci gaba da yin wuƙa da hannu, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta Knifemakers' Guild a 1970, mafi yawansu ba sa dukan ƙarfe ko kaɗan. Sukan sayi sandar ƙarfe shimfiɗaɗɗiya daga kamfani, su zana siffar wuƙar a kanta, sannan su cinye duk abin da ba a so da injin gurza, kamar yadda Bob Loveless ya shahara da yi. Wanda ya riƙe tsohuwar hanya da gaske a wancan lokaci shi ne William F. Moran na jihar Maryland, wanda aka haifa a 1925, kuma shi ne ya zo baje kolin ƙungiyar a Kansas City a 1973 da wuƙaƙen da ya ƙera daga ƙarfe mai ninki-ninki, masu zane a jiki tamkar gudanar ruwa, abin da ya sa jama'a suka sake waiwayar maƙera. A 1976 Moran da B. R. Hughes da Don Hastings da Bill Bagwell suka kafa American Bladesmith Society domin kada sana'ar ta mutu da mutuwarsu, kuma a 1988 aka buɗe makarantar koyar da ƙirar wuƙa a garin Washington na jihar Arkansas tare da haɗin gwiwar Kwalejin Texarkana.

Duk da wannan farfaɗowa, akwai shingen da ya hana ƙira shiga gidajen talakawan masu sha'awa, kuma shingen shi ne wuta. Murhun kwal yana buƙatar kwal mai kyau wanda ba ko'ina ake samunsa ba, yana buƙatar bututun hayaƙi, yana tara kashin maƙera wanda dole a riƙa zaƙulowa, kuma hayaƙinsa mai warin farar wuta ba abin da maƙwabci a unguwar birni zai jure ba ne. Bayan haka, kula da wutar kwal ilimi ne mai zaman kansa wanda mutum kan shafe watanni yana koyo kafin ya kai ga koyon guduma. Murhun gas ne ya kawar da wannan shinge, musamman daga shekarun 1990, lokacin da mutane irin su Ron Reil na jihar Idaho suka yaɗa zanen bututun wuta da kowa zai iya harhaɗawa daga kayan famfo na kasuwa, sannan a 2015 tashar talabijin ta History ta fara shirin gasar ƙira mai suna Forged in Fire, inda 'yan kallo suka ga maƙera suna fitar da wuƙa cikin sa'o'i kaɗan daga murhun da ake kunnawa kamar rishon girki. Daga nan malamin makaranta da akawu da direba suka fara ajiye uwar maƙera a ɗakin ajiye mota na gidajensu, ba don neman abinci ba, sai don sha'awar ganin ƙarfe ya bi umarnin hannu.

Yadda murhun yake

Murhun gas na mai sha'awa abu ne mai sauƙin gini, domin bai wuce sassa uku ba: gangar ƙarfe, rufin ciki mai tsare zafi, da bututun wuta. Gangar kan kasance guntun babban bututu ko tsohuwar tukunyar gas da aka zubar da abin cikinta aka cika ta da ruwa kafin a yanka, kuma aikinta kawai riƙe rufin ne. Rufin shi ne murhun a haƙiƙa, kuma ana yinsa da wani bargo fari mai kama da auduga wanda aka saƙa daga zaren alumina da silika, wanda aka fi sani da sunan kamfani Kaowool, kuma nau'insa na yau da kullum yana jure zafin digiri 1260 a ma'aunin Salshiyos. Akan shimfiɗa shi hawa biyu har kaurinsa ya kai santimita 5, a jiƙa shi da ruwan da ke sandarar da zaren, sannan a shafe shi da yumɓu mai jure wuta. Wannan shafe ba ado ba ne. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta sanya irin wannan zare cikin abubuwan da ake zaton suna iya haddasa cutar daji, kuma harshen wuta mai ƙarfi yana yagar ƙananan zaruruwa daga bargon da ba a shafe ba ya watsa su cikin iskar da maƙeri ke shaƙa, don haka murhun da ake ganin farin bargonsa tsirara murhu ne da ba a gama ginawa ba, ko da an saye shi a haka.

Bututun wuta shi ne ya gaji aikin zugazugi, kuma mafi yaɗuwarsa shi ne wanda ke aiki bisa ƙa'idar da masanin Italiya Giovanni Battista Venturi ya bayyana a 1797, wato cewa idan iska ko ruwa ya ratsa ƙuntataccen wuri da gudu, matsinsa yakan ragu har ya riƙa jawo abin da ke gefensa. Gas yana fitowa ta wata 'yar ƙaramar huda mai faɗin kimanin milimita 1, wadda sau da yawa bakin injin walda ne aka aro, ya shiga bututu mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, gudunsa kuma ya jawo iskar waje ta biyo shi, su gauraya a tsawon bututun, su kama da wuta a bakinsa. Babu fanka, babu lantarki, babu yaron zuga. Masu gina irin wannan murhu suna da ƙiyasin da suke bi, cewa bututu ɗaya mai wannan faɗi yana isar cikin murhu mai girman kusan lita 6, kuma kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne gina ƙaton murhu don takobin da yake mafarki, alhali guduma ba ta iya aiki a kan fiye da santimita 15 na ƙarfe kafin zafin ya gudu, sauran tsawon kuwa ana dafa shi ne a banza ana lalata shi.

Gas ɗin da ake amfani da shi a Amurka furofen ne, wanda ke tafasa a digiri 42 ƙasa da sifiri, shi ya sa matsinsa a cikin tukunya yake da yawa ko da a lokacin sanyi, kuma harshensa a cikin iska yana iya kusantar digiri 1980, ko da yake cikin murhu ba ya kaiwa haka. Buten, wanda shi ne ke da yawa a cikin gas ɗin girki na ƙasashe masu zafi, yana tafasa ne a kusa da sifiri, matsinsa kuma bai kai na furofen ba, don haka yakan yi saurin gajiya idan ana zuƙarsa da yawa. Raguletar girki ma ba ta da amfani a nan, domin an yi ta ne ta saki gas a matsi kaɗan ƙwarai, bututun ƙira kuwa yana son matsin da ya ninka wannan sau goma zuwa sau talatin ko fiye, ta raguleta mai murɗawa. Idan aka daɗe ana aiki, ruwan gas ɗin yana sanyaya kansa yayin da yake komawa iska, har a ga raɓa ta daskare a jikin tukunya wuta kuma ta fara shaƙewa, kuma maganin wannan shi ne babbar tukunya ko tsayar da ita cikin bahon ruwa, ba kusantar da ita ga wuta ba.

Launin harshen wuta yana faɗa wa maƙeri abin da ke faruwa da ƙarfensa. Idan iska ta yi yawa, harshen yakan zama gajere, shuɗi mai haske, mai ƙara, kuma ragowar oksijin da bai ƙone ba yana cin ƙarfen, ya mai da fuskarsa ɓawo baƙi mai zubowa, ya kuma tsotse kabon daga fatarsa. Idan gas ya ɗan rinjayi iska, sai a ga harshen wuta yana leƙowa daga ƙofar murhu domin ya ƙarasa ƙonewa a waje, kuma wannan shi ne yanayin da maƙeran wuƙa suka fi so, saboda ba ya barin oksijin ya taɓa aikin. Sai dai wannan yanayi shi ne kuma mafi fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya, don haka murhun gas a rufaffen ɗaki kisa ne, ko da ba a ga hayaƙi ba. Furofen ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa idan ya tsiyaya, shi ya sa ake gwada kowace mahaɗa da ruwan sabulu kafin a kunna. Ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, irin na bututun ruwa, ba ya shiga murhu, domin farin hayaƙinsa yana jawo zazzaɓi mai tsanani. Yawan zura ido cikin murhu mai haske kuma yana illata idanu a hankali.

Ƙarfe da kabon

Abin da ya raba ƙarfen wuƙa da ƙarfen rodi ɗan ƙanƙanin kabon ne, wanda yawanci bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A tsarin lambobin da Amurkawa ke bi, lambobi biyu na farko suna nuna dangin ƙarfen, biyu na ƙarshe kuma suna nuna yawan kabon, don haka 1018 yana da kusan kashi 0.18 cikin ɗari, abin da bai isa ya taurara shi ba komai ban ruwan da aka yi masa, 1084 yana da kusan 0.84, 1095 yana da kusan 0.95, yayin da 5160, wanda aka saba yin sifirin mota da shi, yake da kusan 0.60 tare da ɗan kuromiyam. Malaman ƙira sun kusa haɗuwa a kan cewa 1084 ne ya fi dacewa da mai murhun gas, kuma dalilin ba al'ada ba ne, lissafi ne: yawan kabon ɗinsa yana kusa da 0.77, adadin da ƙarfe ke sauya tsarinsa gaba ɗaya a mafi ƙanƙantar zafi, wato digiri 727, ba tare da an riƙe shi a wuta na dogon lokaci ba, manganis ɗin da ke cikinsa kuma yana ba shi ɗan jinkiri wajen ban ruwa. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa yana son a riƙe shi a sama da digiri 1000 na mintuna masu yawa ba tare da zafin ya motsa ba, abin da murhun gas na gida ba zai iya ba sai tanda ta lantarki.

Sifirin mota da tsohon magagari suna jan hankalin mai sha'awa saboda arha, kuma maƙeran Kano da na Zinder sun daɗe suna fitar da wuƙa da adda da lauje masu kyau daga irin wannan ƙarfe. Amma akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. Maƙerin gado ya tashi yana zuga wa mahaifinsa tun yana yaro, ya ga dubban ruwan wuƙa sun shiga gawayin ƙirya sun fito, idonsa ya san launin da ake cirewa, kunnensa ya san ƙarar ƙarfen da ya tsage, kuma wutarsa ƙarama ce mai tattara zafi a wuri ɗaya, ga gawayi yana kare ƙarfen daga iska. Mai sha'awa ba shi da wannan gado, don haka idan ya haɗa ƙarfen da bai san sunansa ba da wutar da bai san zafinta ba, wuƙar ta lalace, ba shi da hanyar gane wanne ne ya ci amanarsa, balle tsohon sifirin da ya sha shekaru a kan hanya yana iya ɗauke da tsagar da ido ba ya gani. Sayen sandar 1084 sananniya ya fi masa arha a ƙarshe, domin ya rage masa abin tuhuma guda.

Ana ƙira ne a tsakanin digiri 900 zuwa 1150, lokacin da ƙarfen yake tsakanin ruwan lemo da ruwan ɗorawa, a fara da fitar da tsini, sannan a ja jikin, a fitar da wutsiyar da za ta shiga ƙota, a ƙarshe a kwantar da gefen kaifi, wanda yakan sa wuƙar ta lanƙwashe baya sai an riƙa miƙe ta. Dukan ƙarfen da ya huce ya koma ja mai duhu yana sa masa tsaga. An daɗe ana cewa dukan bakin wuƙa da sauƙi yayin da take hucewa yana cusa ƙarfen ya ƙara masa ƙarfi, amma binciken masana ƙarfe, ciki har da Larrin Thomas wanda ya wallafa littafin Knife Engineering a 2020, bai goyi bayan wannan ba, domin ƙarfe ba ya matsuwa kamar ƙasa, sandar da ta fito daga kamfani kuma ta riga ta sha matsar da ta fi ta kowace guduma, kuma duk tsarin da duka ya bari yana rushewa da zarar an sake kai ƙarfen zafin ban ruwa. Guduma tana ba da siffa, tana rage asarar ƙarfe, tana kuma ba maƙeri daɗin da ya kawo shi sana'ar tun farko, kuma waɗannan sun isa dalili ba sai an ƙara mata da abin da ba ta yi ba.

Inda wuƙa ke zama wuƙa

Ingancin wuƙa yana tabbata ne a cikin 'yan mintunan da ke tsakanin wuta da mai, kuma a nan ne sauƙin murhun gas yake iya zama yaudara. Ƙarfe a sanyi yana da tsarin da ba ya iya riƙe kabon a cikinsa sai kaɗan ƙwarai, abin da bai wuce kashi 0.02 cikin ɗari ba, sauran kabon ɗin yana zaune ne a ware cikin siraran faifai. Idan zafi ya wuce digiri 727, ƙwayoyin zarra na ƙarfen suna sake jeri zuwa wani tsari mai faɗin gurabe wanda ake kira ostenait, don tunawa da masanin Ingila William Roberts-Austen, kuma wannan tsari yana narkar da kabon ɗin a cikinsa alhali ƙarfen yana nan daskararre. Idan aka bar shi ya huce a hankali, kabon yana samun lokacin fita ya koma mazauninsa, ƙarfen ya dawo da taushi. Idan kuwa aka sanyaya shi farat ɗaya, kabon ɗin yana maƙalewa a inda yake, jerin ƙwayoyin ya karkace ya ɗaure, a sami tsari mai tsananin tauri da ake kira matensait, da sunan masanin Jamus Adolf Martens. Ban ruwa ke nan gaba ɗayansa, kuma duk wata dabara da ke kewaye da shi ƙoƙari ne na kai ƙarfen daidai zafin da ake so, ba ƙasa ba, ba sama ba, sannan a ƙwace zafin da saurin da ya isa.

Matsalar ita ce 1084 yana son kimanin digiri 815, murhun gas kuwa ya fi jin daɗin zama a sama da 1100, kuma idan aka rage gas ɗin sosai bututun yakan fara tari ya mutu. Ƙarfe yana da tsaba, wato ƙananan yankuna da ke haɗuwa su yi jikinsa, kuma zafin da ya wuce kima yana sa manyan tsaba su cinye ƙanana, ƙarfe mai manyan tsaba kuwa gaggautsa ne, yana karyewa ko da taurinsa ya yi daidai. Tunda ƙira kanta ana yinta ne a zafi mai yawa, dole bayan an ajiye guduma a daidaita tsabar, wato a kai wuƙar kimanin digiri 870 a bar ta ta huce a iska, a maimaita sau biyu ko uku ana rage zafin kowane karo, domin kowace sauyawar tsari tana haifar da sabbin tsaba ƙanana. Tsinin wuƙa da bakin kaifi sun fi siranta, su ne ke fara ɗaukar zafi, kuma su ne wuraren da aka fi buƙatar inganci, shi ya sa ƙwararru ke shigar da wutsiya tukuna, suna kai da komo da wuƙar, suna kauce wa inda harshen wuta ke sauka. Wasu kan zura bututun ƙarfe mai kauri a cikin murhun su sa wuƙar a cikinsa, tare da guntun gawayi da zai cinye oksijin da kuma wayar auna zafi, ta yadda bututun zai raba zafin daidai ya kuma kare ƙarfen daga harshen wuta kai tsaye. Wannan ƙaramar dabara ta fi kowace sabuwar guduma amfani ga mai murhun gas.

Wanda ba shi da ma'auni yana da alamu uku. Maganaɗisu yana daina kama ƙarfe a digiri 770, don haka idan ya saki, saura kaɗan a kai, sai a ƙara ɗan haske ɗaya a launin. Kuskure ne a ɗauka sakin maganaɗisu shi ne lokacin tsomawa. Gishirin girki yana narkewa a digiri 801, kuma ƙwayoyinsa a kan ruwan wuƙa suna ba da shaida mai kyau. Alama ta uku sai a cikin duhu ake ganinta, wato wata inuwa da ke yawo a jikin jan ƙarfen a daidai lokacin da tsarinsa ke sauyawa, domin sauyin yana shan zafi, kuma idan inuwar ta gushe daga ko'ina, sauyin ya kammala. Saboda launin ƙarfe yana canzawa da hasken wuri, abin da ido ke gani ja a tsakar rana yana iya kasancewa ya wuce kima nesa, don haka ake yin ban ruwa da magariba ko a inuwa mai duhu.

Duk da sunansa, ban ruwan irin waɗannan ƙarafa da mai ake yinsa, domin ruwa yana ƙwace zafi da ƙarfin da ke tsaga siririn kaifi, musamman da yake matensait yana ɗan kumbura yayin da yake samuwa, gefe ɗaya yana ja ɗaya yana turawa. Ana sayar da man da aka yi musamman don wannan aiki, irin su Parks 50, masu sha'awa da yawa kuma suna amfani da man girki na kanola da aka ɗumama zuwa kimanin digiri 55 domin ya tsinke ya riƙa zagayawa da sauri. Baƙin man mota ba abin amfani ba ne, saboda jinkirinsa da gubar hayaƙinsa. Ƙarfen 1095 yana buƙatar ya sauka ƙasa da kimanin digiri 550 cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, shi ya sa yake ba sababbi wahala a man girki, inda 1084 yake yafewa. Ana barin bakin kaifi da kaurin kimanin milimita 1 kafin tsomawa, a tsoma a miƙe, a motsa sama da ƙasa ba gefe da gefe ba don kada ta karkace, kuma tukunyar man ta zama ta ƙarfe mai murfi, domin mai yana iya kamawa da wuta. Bayan ta huce a goga mata magagari: idan ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, ta taurara, amma sai an fara kankare fatar waje, domin fatar da murhun ya tsotse wa kabon takan nuna taushi alhali cikin ya yi.

Wuƙar da ta fito daga mai tana kusa da 65 a ma'aunin tauri na Rockwell, kuma a wannan hali tana iya tsagewa ko a ajiye take, don haka ba a kwana ba a sassauta ta ba. Sassautawa ita ce gasa ta a kimanin digiri 200 na sa'o'i biyu, a bar ta ta huce, a sake, abin da ke sauke taurin zuwa wajen 60 ya kuma ba ta juriya. Tandar girki tana yin wannan aiki, muddin an sa ma'auni na dabam a ciki, domin zafin irin waɗannan tanda yana hawa da sauka fiye da abin da aka rubuta a jikinsu. Maƙeran da suka gabata suna karanta wannan mataki ne daga launin da ke bayyana a gogaggen ƙarfe, daga ruwan kara a wajen digiri 220 zuwa shuɗi a wajen 300. Hanya mafi gaskiya ta sanin ko duk wannan ya yi ita ce a taurara guntun ƙarfe ɗaya tare da wuƙar, a karya shi, a dubi karayar: mai kyau tana fitowa toka-toka sumul, wadda ta sha zafi fiye da kima kuwa tana ƙyalli da manyan ƙwayoyi irin na sukari.

Ninki da jarrabawa

Kusan duk mai sha'awa yana kaiwa ga son yin ƙarfe mai zane irin wanda Moran ya nuna, wanda ake kira ƙarfen Dimashƙa, ko da yake ba shi ne ainihin ƙarfen tsoffin takubban da suka ɗauki wannan suna ba. Na dā ana narka shi ne a cikin rufaffiyar tukunyar yumɓu a kudancin Indiya, yana da kabon kusan kashi 1.5 cikin ɗari, kuma John Verhoeven na Jami'ar Jihar Iowa da maƙeri Alfred Pendray na Florida sun nuna a 1998 cewa ɗan ƙanƙanin banadiyam da makamantansa da ke cikin tamar ne ke jera zanen. Na yau kuwa faifan ƙarfe iri biyu ne, yawanci 1084 da 15N20 mai nikel kashi 2 cikin ɗari, ake jerawa a kai su wajen digiri 1250 a manne su da duka, a ja, a yanka, a sake jerawa, ta yadda faifai 20 da aka yanka huɗu sau biyu suke zama 320, sannan a tsoma wuƙar a ruwan sinadarin ferik kulorayid, mai manganis ya yi baƙi, mai nikel ya tsaya fari. A nan murhun gas yana da fifiko na gaske a kan kwal, saboda yana dafa dunƙulen gaba ɗaya daidai wa daida ba tare da datti ba, sai dai garin boraks da ake barbaɗawa don narkar da ɓawo yana cin bargon rufi da sauri idan ya ɗiga, don haka ake shimfiɗa wa murhun daɓe mai tauri wanda za a iya sauyawa.

American Bladesmith Society tana da jarrabawar da mai neman hatimin JS, matakin ƙwararre na farko, zai ci da wuƙar da ya ƙera da hannunsa, wadda ruwanta bai wuce inci 10 ba. Zai sare igiya mai kaurin inci 1 tana rataye da sara ɗaya, ya datse katakon gini mai inci 2 da 4 sau biyu, bakin ya ci gaba da aske gashin hannu ba tare da ya lanƙwashe ko ya ɓantare ba, sannan a ɗaure tsinin a matsi a lanƙwasa wuƙar har kusurwar digiri 90, inda ake yafe ɗan tsagewa a bakin kaifi amma ba a yafe karyewa biyu ba. Bayan haka ya gabatar da wuƙaƙe biyar ga alƙalai su duba kyan aikinsu. Mai neman hatimin MS, matakin da ke sama da JS, yana maimaita wannan da ƙarfe mai ninki aƙalla 300. Babu mai hankalin da zai lanƙwasa wuƙar aikinsa haka, kuma wuƙar da aka taurara ko'ina daidai tana iya fin wadda ta ci jarrabawar amfani a kicin. Abin da ake aunawa shi ne ko maƙerin yana iya sanya tauri a baki da taushi a gadon baya cikin ƙarfe guda mai faɗin santimita 4 ko 5, ko dai ta tsoma bakin kaɗai a mai, ko ta taurara duka sannan ya tsayar da bakin cikin ruwa ya bi gadon bayan da wutar hannu har ya yi shuɗi, ba tare da zafin ya gangaro ya taɓa kaifin ba.